Babi na Shida: Karen da Ya Rasa Ubangida

A watan Disamba na 2023, da dakarun RSF, masu yaƙi da sojojin Sudan, suka shiga Wad Madani, mutanen garin da na ƙauyukan kewaye suka kama hanyar kudu da ta gabas, wasu zuwa Sinnar, wasu zuwa Gadarif. Wanda ya sami wuri a bayan babbar mota ya hau da 'ya'yansa da buhun dawa, wanda bai samu ba ya ɗaura wa jaki amalanke, saura suka taka a ƙasa. A irin wannan fita sai an yi lissafin abin da za a ɗauka: tsohon da ba ya iya tafiya, takardun gona, 'yan awaki in hali ya yi. Kare ba ya shiga wannan lissafi. Direban da ke karɓar kuɗi a kan kowane kai ba zai yarda a hau masa mota da kare ba, fasinjoji ma ba za su yarda ba. Sai karen ya bi ƙurar motar da gudu har ya gaji, ya juyo ya koma ƙofar gidan da ba kowa, ya kwanta.

Haka aka sake yi a ƙarshen Yuni na 2024 da Sinja ta faɗi, aka kuma yi a watan Oktoba na shekarar a ƙauyukan gabashin Jazira. Hausawan kudancin Shuɗin Nilu kuwa sun riga kowa sanin wannan fita, tun rikicin Yuli na 2022 a Rusairis da Damazin, da na Oktoba a Wad al-Mahi, inda aka ƙone gidaje, dubban iyalai suka watse. Ba wanda yake da bakin zargin mutumin da ya tsere da ransa da na 'ya'yansa don ya bar kare a baya. Amma karnukan nan ba su ɓace ba. Suna nan, sun hayayyafa, kuma mutanen da suka fara komawa gida bayan sojoji sun karɓe Sinja a Nuwamba na 2024 da Wad Madani a Janairu na 2025 sun tarar da su a bakin gari.

Kafin a yi maganar abin da za a yi da su, ya kamata a san ko su wane ne kafin yaƙi.

Zaman mutanenmu a wannan yanki ya haura shekara ɗari. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar masu hijira zuwa gabas, har suka yada zango a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar wajen 1906. Garin da ya kafa, wanda ke ɗauke da sunansa har yau, yana kan hanyar da ta haɗa Sinnar da Sinja. Mahajjata masu tafiyar ƙasa sun yi ta zuwa suna ƙara yawan jama'ar, Fulani da Hausawa da Barebari, wasu su wuce Makka bayan shekaru, wasu su zauna ke nan. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe babban shirin noman Jazira, wanda daga baya faɗin gonakinsa ya kai kimanin feddan miliyan biyu, sai aka buƙaci hannaye masu tsinkar auduga da nome ciyawa. Mutanen yamma suka cika wannan gurbi. Kaɗan ne daga cikinsu suka sami hawasha, wato gonar da hukumar shirin ke yanka wa manomi. Mafi yawa sun zauna a ƙauyukan ma'aikata da ake kira kambo, a gefen magudanun ruwa, suna aikin ƙodago ko noman raba daidai. Wasu kuma suka riƙe gaɓar kogi, suna lambun albasa da tumatir da kuɓewa a ƙasar da ruwa ke janyewa ya bari, suna kamun kifi.

A irin wannan zama kare ma'aikaci ne. Kambo ba shi da ganuwa, gidajensa na laka ne da kara, ofishin 'yan sanda kuma yana can nesa. Da dare karen ne ke sanar da kai cewa wani ya tunkari turken awaki. In dawa ta nuna aka yanka aka tara a masussuka, manomi na kwana a gona, karensa na gefe. A lambunan bakin kogi shi ke korar birai, can kudu wajen dajin Dindir kuma shi ke yi wa makiyayi haushi in kura ta zagayo. Ba a kwana da shi a ɗaki, ba a kuma yi masa wanka da sabulu mai ƙamshi. Ana zuba masa ƙanzon tukunya da ruwan wanke kwano a wani fasasshen kasko a bayan danga, ranar yanka ya sami ƙashi. Amma yana da suna, yana da gida, kuma in ya yi ɓarna a maƙwabta an san ƙofar da za a je a yi sallama.

Yadda ake samunsa shi ne abin da ya fi jan hankalina, domin a nan ne duk maganar wannan babi take. Karya ta haihu a ƙarƙashin rumbu ko a cikin tarin kara, labari ya zaga unguwa ta bakin yara. Bayan 'yan makonni sai ka ga yaro ya zo ya durƙusa a gaban mai gidan.

"Kawu, Baba yana gaishe ka. Ya ce in karyar nan ta yaye a ajiye mana ɗaya."

"Ina amsawa, ɗana. Je ka duba wanda ya kwanta maka. Amma ka bari ya ƙara kwana, bai fara lasar koko ba tukuna."

Yaron zai leƙa, ya ɗaga wannan ya ajiye, ya duba faɗin tafin ƙafar wancan, ya zaɓi mai farin goshi, ya ɗaura masa tsumma a wuya don kada wani ya riga shi. Ranar ɗauka zai rungumo shi a cikin riga. Ba a biyan ko sisi. Wanda ya bayar ya san gidan da kwikwiyon ya tafi, zai kuma riƙa ganinsa yana girma, in ya ga haƙarƙarinsa a waje zai yi wa uban yaron magana a bakin masallaci.

Wannan kyauta ba ta rasa alaƙa da karatun da iyayenmu suka yi hijira da shi a cikin gafaka. Mu mabiya mazhabar Imamu Malik ne, a Sakkwato da Sinnar duka, kuma mashahurin zance a mazhabar shi ne ba a sayar da kare. Sahnun, wanda ya tattara Mudawwana, ya halatta sayar da karen da aka yarda a riƙe, amma abin da ya bi jinin mutane shi ne hanin, shi ya sa kwikwiyo ke tafiya daga hannu zuwa hannu ba ciniki.

Mutane da yawa a yau, har da masu karatu, suna ɗauka cewa addini ya ce kare najasa ne daga kansa har wutsiya, wanda ya taɓa shi sai ya yi wanka. A mazhabarmu ba haka abin yake ba. Duk almajirin da ya kai Muhtasar na Shehu Halil ya karanta a babin tsarki cewa duk mai rai tsarkakakke ne, da guminsa da yawunsa, kare ma yana ciki. Wanke ƙwarya sau bakwai in kare ya yi lallagi a cikinta, Malik ya ɗauke shi a matsayin bin umarni, ba don ƙazanta ba, yana kafa hujja da cewa Alƙur'ani a Suratul Ma'ida ya halatta cin abin da horarren kare ya kamo da bakinsa. Wasu mazhabobin sun saɓa masa, kuma saɓaninsu abin girmamawa ne. Amma bai kamata mu manta da namu ba.

Akwai iyaka, ba shakka. Hadisi ya zo a Muwaɗɗa cewa ladan mutum na raguwa kullum in ya riƙe kare ba tare da buƙata ba, Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani kuma ta taƙaita buƙatar a kan gona da dabbobi da farauta. Masu sharhin Risala sun ruwaito cewa shi kansa marubucin, da katangar gidansa ta rushe a zamanin tsoro, ya ajiye kare don gadi, da aka tuna masa da ra'ayin Malik sai ya nuna cewa da Malik ya riski irin wannan zamani, da abin da ya fi kare ƙarfi zai ajiye. Manomin kambo a Jazira bai ma buƙaci wannan sassauci ba, domin karensa na gona ne da turke tun asali. Sannan fiƙihun da ya ba shi izinin riƙewa shi ne ya ɗora masa ciyarwa: dabbar da ke hannunka haƙƙinta na wuyanka. Kowane yaro ya ji labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle. Ba daga Turai za a kawo wa waɗannan ƙauyuka tausayin dabba ba.

Abin da yaƙi ya yi shi ne ya tsinke igiyar da ke tsakanin kare da gida. Karen da aka bari yana jira kwana biyu, uku, sai yunwa ta tashe shi. Ya bi juji, ya bi kaji da aka bari, ya haɗu da 'yan'uwansa su zama garke. Wanda ya san mutum yana ɗari-ɗari amma yana iya dawowa in an kira shi. 'Ya'yan da aka haifa a kango kuwa ba su taɓa jin hannun ɗan Adam ba, ba sa amsa kira, kuma karya na iya haihuwa tun ba ta cika shekara ba. Daga Khartum an sha ba da rahoton karnuka na cin gawarwakin da ba a sami damar binnewa ba. Mai komawa gida da ya ji wannan labari, ko ya gani da idonsa, ba zai sake kallon kare da idon da ba, kuma ba a ga laifinsa ba.

Babban haɗarin shi ne ciwon haukan kare. Cutar ta daɗe a Sudan, kamar yadda ta daɗe a Nijeriya da Nijar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kashi 99 cikin 100 ta hanyar cizon kare, kuma kusan huɗu cikin kowane goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Dalilin yawan yaran a fili yake. Su ke wasa da kare, su ke jifansa, su ke zuwa ɗebo ruwa a bakin magudana, kuma gajeru ne, cizo na samunsu a fuska da wuya, kusa da ƙwaƙwalwa. Ƙwayar cutar na shiga ta yawu, ta bi jijiya a hankali tana hawa. Galibi sai bayan wata biyu ko uku alamu ke bayyana, lokacin ciwon ya warke, an ma manta. Daga nan sai zazzaɓi, sai firgita, sai mutum ya kasa haɗiyar ruwa yana jin ƙishirwa. Wanda ya kai nan, kusan ba a taɓa ganin ya tashi ba.

Amma tsakanin cizo da wannan rana akwai ƙofa a buɗe, kuma matakin farko yana hannun uwa. A kama yaron nan take a kai shi bakin randa. A sa sabulu, ko na wanki ne, a riƙa zuba ruwa ana wanke ciwon, ana sake sa sabulu, har minti goma sha biyar. Minti goma sha biyar da yaro na tsala ihu yana fizgewa lokaci ne mai tsawo, hannu zai gaji, maƙwabta za su ce ya isa haka. Bai isa ba. Kada a ɗaure wurin da tsumma, kada a cusa masa barkono ko toka ko gashin karen. Daga nan sai asibiti a ranar, don allurar rigakafi da ake yi sau da yawa a ranaku daban-daban. Karen da ya yi cizon, in an san shi, a ɗaure shi a sa masa ido kwana goma, domin wanda cutar ta kai yawunsa ba ya wuce haka ba tare da ya nuna alamar ciwon ko ya mutu ba. Lura da wannan sharaɗi: in an san shi. Karen da ba shi da ubangida ya ciji yaro ya shige kara, ba mai iya cewa lafiyarsa ƙalau ko a'a. Allurar kuma tana son firji da wutar lantarki da hanya mai aminci, abubuwan da yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya fara lalatawa.

Sudan ta ga ceton dabbobi a cikin wannan yaƙi, kuma ta Jazira ya bi. A Janairu na 2020 wani matashi mai suna Usman Salih ya sa hotunan wasu zakuna da yunwa ta mayar ƙashi da fata a gidan namun daji na Ƙurashi da ke Khartum a Facebook. Hotunan suka zaga duniya, taimako ya zo, daga baya shi da 'yan sa kai suka kafa wurin kula da namun daji a Baƙair, kudu da babban birnin, a bakin iyakar Jazira. Da yaƙi ya rutsa da wurin, ƙungiyar Four Paws ta ƙasar Ostiriya ta turo tawaga ƙarƙashin likitan dabbobi ɗan Masar, Amir Khalil. A Nuwamba na 2023 suka kwashe dabbobi kusan hamsin, zakuna da kuraye da wasunsu, zuwa gandun Um Barona a Wad Madani. Wata guda bayan haka garin ya faɗi, dole aka sake komawa aka fitar da waɗanda aka iya fitarwa, aka kai su Jodan a farkon 2024. Aikin jarumtaka ne, waɗanda suka yi shi sun sa ransu a haɗari. Sai dai zakuna ana iya ƙirga su a sa a jirgi. Karnukan ƙauyukan Jazira ba wanda zai kwashe su zuwa ko'ina, kuma ba kwashewar suke buƙata ba.

A Turai da Amurka akwai tsarin da aka daɗe ana bi. A 1860 wata mata mai suna Mary Tealby ta buɗe gidan ajiye ɓatattun karnuka a Landan, wanda ya koma unguwar Battersea a 1871, yana nan har yau. Irin waɗannan gidaje na tsintar kare, su yi masa magani da rigakafi, su yi masa aikin hana haihuwa, sannan 'yan sa kai su sa rana su fito da karnukan dandali, jama'a su zo su gani. Mai so zai amsa tambayoyi: ina kake zaune, akwai yara a gidan, wa zai ciyar da shi in ka yi tafiya. Wani lokaci har gida ake binsa a duba. In ka cire ginin da takardun, abin da ya rage shi ne abin da kawun nan ya yi da yaron maƙwabcinsa: a san hannun da kare zai shiga, a kuma ci gaba da sa ido. Ginin ne ba zai yiwu a kambo ba. Wurin da mutane ke layi a tukunyar taimako ba za a tara karnuka ɗari a keji ana sayo musu abinci ba, kuma karnukan da aka cunkushe ba abinci ba magani sun fi na kan titi shan azaba.

Hanyar da hukumomi suka saba bi, a Sudan da sauran ƙasashenmu, ita ce bindiga da guba. Ana jefa nama mai guba da dare, da safe a kwashe gawa. Na fahimci abin da ke sa mutane neman haka, musamman bayan an ciji yaro. Amma an gwada wannan hanya fiye da shekara ɗari. A 1910 hukumomin Istanbul suka kwashe dubun dubatar karnukan birnin suka zuba su a wani tsibirin dutse da ba ruwa a tekun Marmara, suka mutu da ƙishirwa, kuma ba a daɗe ba titunan suka sake cika. Muddin akwai juji da mayanka, wurin da aka share wasu karnukan za su shigo daga waje, su haihu su cike gurbin. Gubar kuma ba ta zaɓe. Karen da ya saba da mutum shi ke fara zuwa ya ci, mai gudun mutane ya tsira, ungulu da kyanwa su bi bayan wanda ya mutu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da bayyana cewa kashe karnuka barkatai ba ya kawar da cutar.

Abin da ke kawar da ita an gan shi a kan tsohuwar hanyar mahajjatanmu. A Njamena, a 2012 da 2013, likitocin dabbobi na Chadi tare da masu bincike daga Suwizalan suka kafa rumfunan rigakafi unguwa-unguwa, kyauta, aka yi shela, mutane suka kawo karnukansu, galibi yara ne ke jan su da igiya. Kowace shekara an yi wa karnuka wajen 20,000, wato sama da kashi 70 cikin 100 na karnukan birnin. Wannan kaso shi ne ma'aunin: in bakwai cikin goma na da rigakafi, cutar ba ta samun inda za ta tsallaka. Haukan kare ya ɗauke a birnin na wani lokaci, sai daga baya ya sake shigowa ta karnukan da aka kawo daga waje, abin da ya nuna cewa aikin na maimaitawa ne, kuma sai an haɗa da ƙauye. Meziko ta bi wannan hanya shekara da shekaru, har a 2019 aka tabbatar ta raba mutanenta da cutar ta hanyar kare. Abin da ya sa aikin Njamena ya yiwu shi ne yawancin karnukan da ake gani suna yawo a titi ashe suna da masu su. Kare mai ubangida ana iya kama shi a riƙe a yi masa allura. Shi ya sa nake ganin mayar da kare hannun mutum shi ne matakin farko na kare yaran ƙauye.

Wani zai ce, mutane na kwana da yunwa, sama da miliyan goma sun bar gidajensu, kai kana maganar kare. Tambaya ce mai nauyi, ba kuma zan ce a ɗebi ko loma ɗaya daga kwanon maraya a ba kare ba. Amma allurar kare ɗaya kuɗinta kaɗan ne ƙwarai in aka gwada da jerin alluran mutum ɗaya da aka ciza, balle a haɗa da kuɗin mota zuwa Sinnar ko Wad Madani sau uku ko huɗu. Manomin da ya dawo ya tarar an kwashe masa komai, ya samo 'yan awaki biyu da bashi, shi ma yana buƙatar mai gadi fiye da kowane lokaci.

Kayan aikin kuma suna nan a ƙasa. Matasan Sudan sun nuna wa duniya abin da 'yan sa kai ke iyawa: ɗakunan agajin gaggawa da suka kafa unguwa-unguwa, da tukwanen takaya da suka ciyar da miliyoyi, duk a kan tsohuwar al'adar nafir, wadda mu muke kira gayya. Ƙauyen Hausawa yana da mai gari ko umda, yana da liman, yana da sarkin pawa, yana da ranar kasuwa. Abin da nake hange ba ya wuce haka. Liman ya yi bayani ranar Juma'a daga littattafan da jama'a suka yarda da su. Matasa su zaga su san inda karnuka suka haihu a kangaye, domin kwikwiyon da aka ɗauko yana ɗan wata ɗaya ko biyu yana sabawa da mutum sarai, wanda ya wuce wata uku ko huɗu bai ga hannu ba kuwa sabonsa na da wuya. Ranar kasuwa, a gefen turken awaki, malamin dabbobi ya zauna da kular ƙanƙara. Mai son kare ya zo ya zaɓa a gaban mutanen da suka san shi, a yi wa karen allura, a ɗaura masa igiya mai launi a wuya, a rubuta sunan mai gidan a littafi. Wanda karensa na da ya dawo masa, shi ma ya kawo shi. Karen bana shi ke maganin zomon bana, kuma karnukan da aka yi wa rigakafi suka zauna a gari su ne za su riƙa korar baƙin da ke shigowa daga daji.

Sarkin pawa na da nasa aikin. Huhu ko hantar da aka yanka aka ga ƙulluttai masu ruwa a ciki, mahauta kan jefa wa karnuka. Waɗannan ƙulluttai 'ya'yan wata tsutsa ce da ke girma a hanjin kare, ƙwanta ya fita ta kashinsa, ya koma cikin tumaki da raƙuma da mutane, ya yi ƙari a hanta. Cutar sananniya ce a Sudan. Rami mai zurfi a bayan mayanka yana yanke wannan zagaye, yana kuma rage abincin da ke tara garken karnuka a bakin kasuwa.

Akwai ɓangaren da ba shi da daɗin faɗa. Karen da ya nuna alamar hauka, yana dalalar da yawu, yana cizon duk abin da ya gani, muryarsa ta sauya, ba shi da magani. Kashe shi da gaggawa, ba tare da azabtarwa ba, jinƙai ne gare shi da jama'a, gawarsa kuma a binne ta da zurfi ba tare da an taɓa ta da hannu ba. Manyan karnukan da suka riƙa a daji suka saba da farautar dabbobin mutane, wasunsu ba za su taɓa komawa gida ba, kuma ƙauye ne zai yanke shawara a kansu tare da likita.

Sai maganar matan karnuka. A kyautar kwikwiyo kusan kowa namiji yake so, don ba mai son karya ta riƙa tara masa karnukan gari a ƙofar gida tana haifa masa shida ko bakwai. Matan da suka rage akan kai su bayan gari a ajiye, waɗanda suka rayu a cikinsu su ne iyayen garken baɗi. Fiɗiye namiji abu ne da makiyaya suka sani, amma cire wa karya mahaifa aikin tiyata ne, yana son likita da maganin sa barci da kayan aiki masu tsabta. Sudan ba ta rasa likitocin dabbobi ba, jami'o'inta sun yaye su da yawa, wasunsu ma suna cikin 'yan gudun hijirar da ke zaune a Sinnar da Gadarif ba aikin yi. Duk ƙungiyar da ke son taimakawa, kuɗinta zai fi amfani in ta biya irin waɗannan likitoci ta ba su babur da kula da magani, ta kuma ce duk wanda ya karɓi mace za a yi mata aikin kyauta. Kuma a tsara shi da rani. Ƙasar Jazira baƙar laka ce, da ruwa ya sauka a watan Yuli hanyoyin kambo sun rufe ke nan, babur ba ya shiga sai wajen Oktoba.